Sawu Biyu a Kan Siminti

Ranar Talata da hantsi aka shaida wa Direba cewa ya mutu tun jiya. Yana tsaye da ƙafafunsa a gaban tagar wurin wankin ƙoda, inda yake zuwa sau uku a mako shekara biyu ke nan. Da safe ya nemi katinsa na inshorar lafiya bai gani ba, ya ce ai sun san shi, lamba ma ta isa. Ma'aikaciyar ta buga lambar a na'ura, ta dube shi, ta sake duban na'urar, sannan ta kira shugabanta. Ashe katin ya riga shi zuwa wani asibiti can bayan tasha. Ranar Litinin da azahar wani mutum ya shiga da shi, kafin la'asar rai ya yi halinsa, aka rubuta sunan Direba a takardar mutuwa.

Kamfanin inshora bai tsaya wata-wata ba ya rufe katin. Suka ce ko dai sace shi aka yi, ko kuma mai shi ne ya sayar. In sata ce, a kawo wanda ya ɗauka ya faɗa da bakinsa, su buɗe. In kuwa sayarwa ce, shi ke nan, har abada. Likitan da ya san Direba ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce masa a hankali kada ya kuskura ya wuce ranar Alhamis ba a yi masa wanki ba, domin zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Gidan da Direba ke kwana na ma'aikata ne, duk baƙi, mutum ashirin da 'yan kai a bene mai hawa biyu. Kafin azahar labari ya zaga kowane ɗaki, kowa ya sha jinin jikinsa. Wanda kuka ci abinci tare da safe, yanzu in ya zo wucewa sai ka dafe aljihu. Kiran 'yan sanda kuwa ba wanda ya so, don in suka shigo ba katin kaɗai za su duba ba. Sai aka ce a kira Baba Mai-Sawu.

Mai-Sawu shi ma a gidan yake kwana, gadi yake yi a wani ɗakin ajiyar kaya a ƙarshen layi, amma can garinsu sana'arsa bin sawun ɓarayin dabbobi ce. An ce yakan dubi ƙasa ya gaya maka ɓarawon yana ɗauke da kaya ko hannunsa sake, ya ci abinci ko da yunwa yake tafe. Tun da ya zo ƙasar nan ya daina duban ƙasa, ya ce kwalta ba ta magana. Dattijo ne mai kaifin harshe, kuma kowa ya san ƙa'idarsa, don ba ya gajiya da maimaita ta: wanda ba shi da takarda ya zauna a garinsu, kada ya zo ya jawo wa mutane a rufe musu gida.

Ya sami Direba a gefen gado, ƙafafunsa sun fara tasawa.

"Ina ka ajiye shi?"

"Cikin akwati, Baba. Wallahi cikin akwati, ƙarƙashin fasfo."

Mai-Sawu ya jawo akwatin ya duba kwaɗon. Ba a taɓa shi da ƙarfe ba, ƙurar da ke kan murfin ma ba a goge ta ba.

"Akwatin nan ya fi mako ba a buɗe shi ba sai yau da safe. Ranar Asabar da ka dawo daga wanki me ka yi?"

Direba ya dafe goshi. "Jiri nake ji. Na tuɓe riga na kwanta."

"To ka daina rantsuwa da akwati. A aljihu ka bar shi."

Suna cikin haka Auta ta shigo da kwandon kayan guga. Ƙanwar Mai-Sawu ce uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya nema mata aikin wankin gidan shekara uku da suka wuce, aka ba ta ɗakin da ke saman rufi inda injin wanki da igiyoyin shanya suke. Maza ba sa hawa can. Ta ajiye kayan Direba a kan kujera ba tare da ta dubi kowa ba. Idanunta sun kumbura sun yi ja.

"Ke kuma lafiya?" in ji yayanta.

"Maganin wankin nan ne, Yaya. Yana shigar mini ido."

"Sai ki rage zuba shi kamar ba saye ake ba."

Ta ce to, ta fita.

Wanda aka fara nunawa da baki shi ne Tela, abokin ɗakin Direba. Sati biyu da suka wuce sun yi cacar baki a kan taga, ɗaya na son iska ɗaya na jin sanyi, har Tela ya ce masa mutum rabin rai sai yawan iko. Mai-Sawu ya same shi a shagon ɗinki, ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"An ce ka ce masa rabin rai."

Tela ya tsayar da keken. "Na faɗa, Baba, kuma tun safe maganar ke cina. Amma wa ke tashi ya dafa masa ruwa duk ranar da ya dawo daga wankin nan? Ka tambaye shi. Ranar Litinin kuma tun bakwai ina nan har magariba, ga maigidan shago can."

Maigidan shagon ya tabbatar. Mai-Sawu bai ma buƙaci hakan ba, don ya ga mutumin ya ɗinka hannun riga a baibai bai sani ba.

Na biyu shi ne Mai Aski. Wannan kam ba ƙazafi aka yi masa ba, an san yakan haɗa mai kati da marar kati, ya karɓi ɗan na goro. Yana ganin Mai-Sawu ya ajiye almakashi.

"Baba, na san abin da ya kawo ka. Ni dillancin kati na yi, ban musa ba. Ciwon haƙori, ɗinkin rauni, irin waɗannan. Su ma'aikatan tagar nan duk baƙi kamanninmu ɗaya a wurinsu, hoton ma ba sa kalla. Amma katin mai wankin ƙoda? Haba Baba! Wanda ya san harkar ba zai taɓa shi ba, bayan kwana biyu mai shi zai neme shi. Wanda ya ɗauki katin nan bai san komai ba. Tsoro ne ya ɗauka, ba wayo ba."

"Ku ne kuke ɓata mana suna. Wanda ba shi da takarda..."

"Ya zauna a garinsu. Mun haddace, Baba."

Mai-Sawu ya fito yana tsaki, amma maganar tsoron nan ta bi shi har gida. A bakin ƙofa ya ci karo da Magini yana ta bambami shi kaɗai, wai ya shafe dokin ƙofar baya da siminti ranar Litinin da safe kafin ya tafi aiki, wasu marasa ido sun bi ta kai sun ɓata masa.

"Mutum na neman ransa kana maganar siminti," in ji Mai-Sawu, ya wuce abinsa.

Ranar Laraba ya ɗauki hutun rabin yini ya tafi asibitin bayan tasha. Akwai wata mata 'yar ƙasarsu da ke yi wa likitoci tafinta a can, ita ya nema. Ta fito da shi wajen bencin da ke bakin sashen gaggawa.

"Ba na nan lokacin da aka kawo shi, Baba, ina can sama wajen masu haihuwa. Da ina nan da ba a yi haka ba. Mace ce ta kawo shi a tasi, ta rufe fuska da takunkumi. Zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, ƙirjinsa ya cushe, ko magana ba ya iyawa. Aka duba takardun mai katin, aka ga matarsa ba ta ƙasar nan, aka tambaye ta ita wace ce. Ta ce maƙwabciya. To maƙwabciya ba ta shiga ciki. Nan ta zauna, daidai inda kake."

Mai-Sawu ya ɗan gyara zama. "Ciwon ne ya kashe shi?"

"Ina! Ciwon da ake warkewa ne cikin mako guda. Allura ce. Akwai wata allurar kashe ƙwayoyin cuta da jikin wasu ba ya karɓa. Takardun mai katin sun nuna an sha yi masa ita lafiya lau, sai aka yi wa wannan. Nan take maƙogwaronsa ya kumbura. Sun yi iya yinsu, wallahi sun yi." Ta share ido da bakin mayafi. "Mai shara ya ce matar ta tashi sau biyu ta je taga tana nuna hannunta tana girgiza kai, ba wanda ya gane me take nufi, suka ce ta zauna. Da aka fito aka kira sunan mai katin aka ce ya cika, ba ta yi kuka ba. Takalman mamacin ta ɗauka a ƙarƙashin benci ta rungume, ta fita."

Wani abu ya ɗan taɓa zuciyar Mai-Sawu game da allurar nan, kamar ya taɓa jin labarinta a wani wuri, amma bai tsaya a kai ba. Ya nemi ganin gawar, aka ce sai ɗan'uwa ko ɗan sanda.

"Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba," in ji Tafinta yana shirin tashi, "da ta kawo shi hannu sake, ba kati ba komai, da an duba shi. Sashen gaggawa ba ya korar mutum. Da an tambaye ta daga farko me jikinsa ke karɓa, da an kira ni. Maganar takardu sai ya warke a yi ta. Mutanenmu ba su sani ba, kuma ba sa tambaya."

Ya dawo da azahar, gidan shiru kowa na wurin aiki. Ya tsaya a tsakar gida yana lissafi. Marar lafiyar da ba ya iya tsayuwa, mace ɗaya, tsakar rana. In daga gidan nan suka fita, ba ta ƙofar gaba ba, don masu shaguna na zaune. Sai bambamin Magini ya faɗo masa a rai.

Ya zaga ƙofar baya ya tsuguna. Simintin ya bushe ƙyam, sawun ya zauna a ciki sarai kamar an zana. Mutum biyu ne, suna fita. Ƙaramin sawun na dama ya nutse fiye da yadda nauyin mai shi zai sa, alamar an jingina a kafaɗarta. Babban kuma takalmin namiji ne dogo. Ƙafar dama ta taka daidai. Ta hagu ta karkace waje, gefenta kaɗai ya ci ƙasa, babban yatsa ya ja layi kafin ya ɗaga.

Mai-Sawu ya sa tafin hannu a cikin sawun. Ya san ƙafar nan. Yana wurin ranar da bijimi ya take ta, shekara ashirin da biyar da suka wuce, shi ya goyi mai ita zuwa wurin mai ɗori. Kuma yanzu ya tuna inda ya san allurar: a wannan jinyar ce aka yi wa mutumin ita ya kusa tafiya, tun daga ranar duk dangi suka san ba a yi wa Dogo ita. Dogo mijin Auta, wanda shi Mai-Sawu yake zaton yana can gida yana jiran aike.

Ya daɗe a tsugune. Ya dubi bokitin Magini da guduma a jingine da bango. Duka biyu ya isa a fasa wurin, ba wanda zai sake karanta shi, don duk gidan shi kaɗai ya iya. Har ya miƙa hannu. Sai ya ji tarin Direba daga taga ta sama, tari mai ruwa-ruwa, yana yi yana hutawa. Ya janye hannunsa.

Da la'asar sakaliya, bayan an dawo daga aiki, ya tara mutanen gidan a ƙofar baya. Tela ne ya riƙo Direba ya zaunar da shi a kujera. Mai Aski ya raɓe a gefe yana zare ido. Auta tana tsaye a kan matakalar rufi, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen matakalar, ɗayan da wani ƙulli.

"Tela bai ɗauka ba," in ji Mai-Sawu. "Mai Aski ma bai ɗauka ba, ko da yake ba don halinsa ba. Katin a aljihun riga yake, rigar kuma ta bar ɗakin ranar Lahadi." Ya nuna ƙasa da sandarsa. "Magini, ka zagi mutanen da suka taka maka aiki. Ga su. Wannan namiji ne, dogo, ba shi da lafiya, ba ya ganin gabansa. Wannan kuma mace ce, tana ɗauke da rabin nauyinsa. Ba ta ga simintin ba don fuskarsa take kallo. Ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa a ƙasan gwiwa, aka ɗora ta a karkace. Na san haka domin..."

Jama'a suka yi cirko-cirko.

"Domin kai ka goye shi, Yaya."

Kowa ya juya. Auta ta sauko a hankali, ta buɗe ƙullin da ke hannunta. Takalma ne na fata, na hagun ya cinye ta gefe guda. Ta durƙusa ta ɗora shi a cikin sawun, ya zauna daram.

"Wata huɗu yana sama," ta ce. "Da bizar ziyara ya zo neman aiki, aikin bai samu ba, bizar ta ƙare. Ta nan yake fita da sassafe ya dawo kafin ku taso. Kana ta tsokanata wai cina ya ƙaru." Ta juya wajen Direba, ta kasa ɗaga ido. "Ni na ɗauka. A aljihunka na gan shi ina jiƙa kaya. Na ce zuwa ɗaya ne, a ba shi magani in mayar maka kafin Talata, ba za ka ma sani ba. Wallahi ban yi nufin cutar da kai ba. Tun jiya nake saukowa in gaya maka, in na zo ƙofarka sai ƙafata ta ƙi."

Direba ya rufe fuska da hannu biyu. "Innalillahi. Baiwar Allah, mijinki ne? Kwana biyu kina goge mana riguna, mijinki na kwance a can da sunana?"

Sai a lokacin kukan ya zo mata, irin wanda aka danne ya yi kwanaki. Tela ya juya ya fuskanci bango. Mai Aski ya cire hula yana murza ta.

"Don me ba ki gaya mini ba?" in ji Mai-Sawu. "Ni fa yayanki ne."

"Na tambaye ka, Yaya. Ranar Lahadi da na kawo maka shayi. Na ce idan mutum ba shi da kati ya je asibiti, za su duba shi?"

Ya tuna. Yana sauraron rediyo, ko juyowa bai yi ba. Bai san amsar ba a lokacin, kuma bai ce bai sani ba. Abin da ya saba faɗa ya faɗa mata. Da ya ce bari in tambaya, da ya taka zuwa wurin Tafinta, tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba. Baƙin cikin da ya taso masa bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da suka binne mahaifiyarsu. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Direba ya ce a bar maganar, shi ya yafe, zai jira har ya faɗi a kai shi gaggawa, ai an ce ba sa kora. Auta ta girgiza kai.

"Likita ya ce zuciyarka ba za ta kai ba, na ji Tela na faɗa. Mutum ɗaya ya isa. Kuma ba zan bari a binne shi da sunan wani ba."

Ranar Alhamis da sassafe Mai-Sawu ya raka ta ofishin kamfanin inshora, Tafinta na fassara. Ta faɗi komai ba ta rage ba, ta sa hannu. Aka kira 'yan sanda. Sun yi mata adalci guda, suka bari ta ga gawar, ta tsaya har aka goge sunan Direba aka rubuta na mijinta. Ƙarfe biyu na rana aka ɗora Direba a kan injin wanki, Tela na zaune a gefensa.

Washegari aka binne Dogo a maƙabartar baƙi, mutanen gidan kaf suka je, ban da matarsa da ke tsare. Bayan kwana goma sha ɗaya aka sa ta a jirgi, da hatimin da ya hana ta sake shigowa. A filin jirgi an ba su minti biyar. Mai-Sawu ya shirya maganganu da yawa, amma abin da ya iya cewa kawai shi ne ta yafe masa. Ta ce ba komai, Yaya, ka riƙa cin abinci. Takalman na cikin jakarta.

Ranar Asabar ya dawo daga gadi ya tarar da Magini a ƙofar baya, ya kwaɓa sabon siminti, ya ɗaga guduma.

"Me za ka yi?"

"Gyarawa zan yi, Baba. Na ga kullum sai ka zagayo ta nan ka tsaya. Na ce gara in shafe, ko ka huta."

Mai-Sawu ya karɓi gudumar daga hannunsa ya jingine ta da bango.

"Bar shi," ya ce. "Wata huɗu mutumin nan yana tafiya a saman kaina ban ji shi ba. Nan kaɗai na gan shi."